Feftayid da gyambon masu ciwon sukari: kada a yi gaggawa

Feftayid guntun furotin ne, jerin amino asid 'yan kaɗan. Wasu na kashe ƙwayoyin cuta, wasu na taimaka wa nama da ƙananan jijiyoyin jini su tsiro. Shi ya sa masu bincike suka ƙwallafa rai a kansu don maganin gyambon ƙafar masu ciwon sukari. Ra'ayina shi ne binciken ya cancanci goyon baya, amma mai gyambo kada ya jingina da shi tukuna.

Dalilin yana cikin gyambon kansa. Mikin mai ciwon sukari yakan maƙale a matakin kumburi, ruwan da ke tsatsowa daga cikinsa kuma cike yake da sinadarai masu narkar da furotin, irin su MMP-9. Suna cinye feftayid ɗin da aka shafa kafin ya gama aiki. Ga kuma yauƙin da ƙwayoyin cuta ke lulluɓa da shi a saman mikin, wanda ke tare magani. Ɓeran ɗakin gwaji kuwa fatarsa tsukewa take yi ta rufe rauni, saɓanin ta mutum, don haka nasara a jikinsa ba hujja ba ce.

A duba pexiganan, wani feftayid mai kashe ƙwayoyin cuta da aka gwada a matsayin man shafawa ga irin wannan gyambo. Daga magainin aka samo shi, feftayid ɗin da Michael Zasloff ya gano a fatar wani kwaɗon Afirka a 1987. Hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi a 1999. A 2016 aka sake babban gwaji, bai fi man shafawa marar magani ba. Becaplermin, wani maganin shafawa na gyambon wanda cikakken furotin ne, ya samu amincewa a 1997, amma sai an ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da ke da wuya inda wutar lantarki ba ta tsayawa, kuma ba ya amfani a ƙafar da jini ba ya isa.

Mayukan da ake tallatawa a intanet da sunan feftayid, yawanci na gyaran fata ne, ba a yi su don buɗaɗɗen miki ba.

Abin da ke ceton ƙafa yanzu sananne ne. Likita ya kankare mataccen nama, ya auna gudun jini a ƙafar, a yi maganin ƙwayoyin cuta idan sun shiga, a daidaita sukari. Wanda aka fi sakaci da shi shi ne ɗauke nauyi daga wurin da filasta irin ta ɗaurin karaya ko takalmi na musamman, domin mai mutuwar jijiya ba ya jin zafi, yana ta taka mikin yana faɗaɗa shi. A riƙa auna faɗinsa kowane mako. Idan bai ragu da rabi ba cikin mako 4, lokacin ne za a sake bincike, a yi maganar ƙarin magani.