Na Sayi Rigar Sanyi a Watan Afrilu

Duk wanda ya san Maraɗi a watan Afrilu ya san ba lokacin cinikin rigar sanyi ba ne. Zafi ya haura digiri 40, fanka na hura iska kamar daga bakin murhu, akuya ma ta nemi gindin bedi ta kwanta. A cikin wannan watan ne na tsaya gaban mai gwanjo a babbar kasuwa, na zura wata jibgegiyar riga mai gashi a wuya, ina juyi ina tambayar sa ko tana jure ƙanƙara. Mutumin ya dube ni, ya dubi rana, ya ce tana jurewa. Ɗan kasuwa ne, me zai ce?

Bari in koma baya kaɗan. Ina shekarar ƙarshe ta masta a fannin noma, kuma ni ne delegen ajinmu, wato duk wata sanarwa ta hannuna take bi. Aikin bincikena a kan ƙwarin wake ne: yadda suke shiga hatsi, da yadda buhun nan mai leda biyu a ciki ke toshe musu iska har su mutu. Shekara biyu ina nazarin yadda ɓarawo ke shiga abin da aka ɗaure. Ku riƙe wannan. Babana kuma dillalin aya da wake ne, wanda ko ɗan'uwansa ne ya kawo masa buhu sai ya soka masa ƙarfen nan ya ga ƙwayar da ke ciki kafin a yi maganar kuɗi. A fadarmu ta shayi ni ne mai yi wa mutane dariya in an damfare su. Nakan ce mu ƴan Maraɗi da ƙidayar kuɗi aka yaye mu, ɗan 419 in ya zo nan sai ya koma da bashi.

Daren wata Lahadi an ɗauke wuta, ina kwance kan tabarma a tsakar gida ina kashe sauro, sai saƙon imel ya shigo wayata. Sunan mai aikowa: ofishin rajistar ɗalibai na jami'armu. Ga tambarin jami'a a sama, kalarsa daidai. Da Faransanci mai santsi aka rubuta cewa an zaɓe ni cikin ɗalibai ƙalilan da za a ba burs, wato tallafin karatu, su je Beljik karatun doktora, da Yuro 1,200 duk wata, amma dole in tabbatar cikin awa 24, in ba haka ba a ba na bayana.

Abin da na fara yi, Allah ya gani, ba duba saƙon ba ne. Lissafi na buɗe. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, kuma ba ya motsi. Na buga, ya ba ni jika 787, wato sefa dubu 787, da ƴan canji. Duk wata! Na sake bugawa ko wayar ce ta yi zafi. Kafin in tashi daga tabarmar nan na riga na yi wa Inna ɗaki da siminti, na sayi babur, na kai gaisuwa gidan su wance.

Na latsa shuɗin rubutun da ke ƙasa. Shafi ya buɗe, sak na shiga Gmail, yana neman adireshina da kalmar sirri. Na sa. Ya ce ba daidai ba ce. Na ce to, ƙila na manta, na sa tsohuwar. Ya ce ba daidai ba. Na sa wadda nake shiga Facebook da ita. Ba daidai ba. Raina ya ɓaci, na sa ta huɗu, wadda sunan wance ne da shekarar da muka haɗu, wadda ko abokina na ƙut da ƙut bai sani ba. Daga nan shafin ya yi ɗan juyi ya ajiye ni cikin akwatin saƙonnina na gaskiya, lafiya lau. Na yi hamdala. Ashe mabuɗan gidan ne na zaro ɗaya bayan ɗaya na miƙa wa ɓarawo ta taga, har ina jin haushin bai karɓa da sauri ba.

Da asuba na gaya wa Inna, na ce ta riƙe a cikinta tukuna. Ta ce ai ko ƙuda ba zai ji ba. Kafin hantsi matar mai waina ta yi mini barka, kafin azahar ɗan kabu-kabun da ya ɗauke ni ya tambaye ni ko can ma ana hawan babur. Da yamma yaran unguwa sun riga sun raɗa mini suna: Ɗan Beljik.

Ranar Litinin ɗin wani saƙon ya biyo baya, wai in aika jika 45 kuɗin buɗe takardu, ta wurin masu aika kuɗi, da sunan wani mutum. Na nufi rumfar Baba. Na same shi yana auna aya, na durƙusa na karanta masa, ina fassarawa da ƙarin gishiri. Bai ɗago ba sai da ya cika tiya.

"Kai ka nemi abin ga?"

Na ce a'a, Baba, zaɓe na suka yi.

"Wa ya san ka a Beljik?"

Na ce ai yanzu duniya ta zama ɗaya, ƙila sun ji labarin aikina.

"Wake nai ne ya kai musu labari?" Ya juya wajen yaronsa yana dariya. Sannan ya ce, "Wanda zai ba ka jika ɗari bakwai duk wata, jika arba'in da biyar ta gagare shi? Ya cire a ciki mana. In kuma daga makarantarku ne, ga ta can, ba a sama take ba. Taka ka je ka tambaya."

Na fito ina cewa a raina tsofaffi ba su gane zamani ba. Mutumin da bai taɓa buɗe imel ba zai koya mini? Maimakon in taka zuwa ofishin, wanda kuɗin kabu-kabu kawai zai ci mini, sai na taka zuwa wajen mai gwanjo. Muka daidaita a jika 14, na ba da biyar, saura bashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu magana, amma ba su faɗa cewa wahalar tana zuwa da gashi a wuya ba.

Ranar Laraba da safe ina zaune a ofishin malamin da ke duba aikina. Mutum ne marar yawan magana, in ya cire tabarau ka san akwai matsala. Yana cikin jan layi a babi na biyu wayarsa ta yi ƙara. Ya duba. Ya dube ni. Ya sake dubawa. Ya cire tabarau.

"Yaushe ka dawo daga Kwatano?"

Na ce Malam, ni ko Dosso ban taɓa wucewa ba.

"To ga shi ka rubuto mini minti tara da suka wuce. Ka ce kana Kwatano, an sace maka jaka da fasfo, mai otel ya riƙe ka, in taimaka maka da jika 75 kafin dare, kuma kada in kira ka don wayar ma an sace." Ya kalli wayar da ke hannuna. "Sannu da ƙoƙari. Mai otel ɗin ya bar ka ka zo gyaran babi na biyu?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shiga na ja ta na rufe. Na yi ta ƙoƙarin buɗe akwatina, ya ce kalmar sirri ba daidai ba ce, kuma a wannan karon gaskiya ya faɗa. Wayata ta fara ruri. Duk wanda na taɓa rubuta wa saƙo tun ina ajin farko ya samu wasiƙar Kwatano. Ƴan ajinmu kuwa wata daban suka samu: saƙon burs ɗin nan, daga adireshina, da ƙarin layi cewa ni delege na tabbatar gaskiya ne, a yi sauri. Mutum huɗu sun latsa kafin in kai ga rubuta gargaɗi a zauren WhatsApp na aji. Ba tambarin jami'a ne ya ja su ba, sunana ne. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Malam ya tura ni wajen mai kula da kwamfutocin jami'a, wani matashi da ke zaune cikin ɗaki mai sanyi kamar Beljik ɗin da ban je ba. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce irin wannan damfara Faransawa daga kalmar ƙugiya suka ciro mata suna, masu Ingilishi kuma daga kamun kifi, don ba kai kaɗai ake nufi ba: a watsa wa dubban mutane, a jira wanda yunwa ta fi damu. Na tuna masuntan tafkin Madarunfa, na ga kaina a kwance cikin kwando, baki buɗe.

Ya ce in buɗe hoton saƙon da na ɗauka, wanda na adana don in nuna wa ƴaƴana wata rana. Abokin da na tura wa ainihin saƙon don in yi masa burga shi ma ya miƙo wayarsa. Matashin ya taɓa sunan mai aikowa, sai adireshin da ke ɓoye a ƙarƙashi ya fito: tarkacen haruffa da lambobi, a wani gidan imel na kyauta. Ya ce sunan da ke fitowa a sama kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, ko Sarkin Katsinan Maraɗi mutum ya so ya kira kansa, ba mai hana shi. Tambari kuma daga shafin jami'a ake kwafo shi cikin daƙiƙa biyu.

Sai ya ɗora yatsa a kan shuɗin rubutun, bai latsa ba, ya danne ya riƙe. Adireshin da zai kai mutum ya bayyana. Sunan jami'armu na ciki kuwa, a farko, shi ya sa ko da na gani da na yarda. Ya ce ba daga hagu ake karantawa ba. A nemi sandar farko mai jirkice bayan sunan shafin, a dubi kalmomi biyun da suka zo daf kafin ta, su ne mai gidan. Duk abin da aka jera kafin su ado ne, mai gidan ke rubuta abin da ya so. Na wannan saƙon wata kalma ce da ba ta da alaƙa da jami'a, ba ta da alaƙa da Google, ba ta ƙare da .ne na Nijar ba, ba ta ƙare da .be na Beljik ba. Ina kallon yatsansa a kan gilashin, sai na ga ƙarfen Baba yana shiga buhu. Abu ɗaya ne, sai dai wannan ba ya zubar da ƙwaya.

Na yi ƙarfin hali na ce amma ai na ga alamar kwaɗo a shafin. Ya ce kwaɗon nan yana nufin ba mai leƙa abin da ke wucewa tsakaninka da shafin, bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Ɓarawo ma yana kulle ɗakinsa. Ya ƙara da cewa saƙon bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya, "ya kai ɗalibi" kawai ya ce, kuma awa 24 ɗin an sa ta ne don kada in samu sukunin tambayar kowa. Ba ofishin da zai nemi kalmar sirrinka, ba kuma burs ɗin da ke biyo wanda bai cika takarda ba. Na ce haka Baba ya ce. Ya ce Baban naka a wace jami'a yake koyarwa?

Ƙwato akwatin ya ci mana yini. Sa'ata ɗaya, ɓarawon bai kai ga cire lambar wayata daga asusun ba, don haka Google ya turo mini lamba ta saƙon waya muka shiga. A ciki muka tarar ya kafa wata doka da ke tura masa kwafin duk saƙon da ya shigo mini, ta yadda ko na canza kalmar sirri zai ci gaba da karanta wasiƙuna yana shan shayi. Muka goge ta, muka fitar da duk na'urar da ban sani ba, muka kunna tabbaci mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sa lambar da aka turo wa wayata. Sannan na zauna canza kalmomin sirri huɗu. Matashin ya tambaye ni me ya sa har huɗu. Na ce labari ne mai tsawo.

Cikin duk waɗanda aka roƙa kuɗi ba wanda ya aika ko dala, abin da har yau ban san ko in yi murna da shi ko in yi fushi ba. Wani abokina da nake bi jika 10 tun bara ya amsa wa ɓarawon da cewa Allah ya fid da kai, mu ma nan addu'a muke nema. Wani ɗan fadarmu kuma ya ja shi da hira da Hausa, ya ce zai aika, amma ya fara faɗa masa sunan akuyar Inna. Amsar da ta dawo, da alama na'ura ce ta fassara ta: "Ɗan'uwa mai daraja, akuya tana cikin yanayi mai kyau, aika kuɗin yanzu." An karanta wannan a fada ya fi sau ashirin. Har yau in na makara, sai wani ya ce a yi mini uzuri, akuya tana cikin yanayi mai kyau.

Baba bai ce komai ba da ya ji. Ya dai miƙo mini ƙarfen buhun nan ya ce in riƙe masa, ya shiga masallaci, ya bar ni tsaye da shi a bakin rumfa mutane na wucewa suna gaishe da Ɗan Beljik.

Mai gwanjo ya ce kayan da aka saya ba ya komawa, balle rigar da duk Maraɗi ba mai sayenta kafin Disamba. Ina biyan sa jika ɗaya duk Juma'a, saura uku. Rigar kuma Inna ta karɓe, ta ce ba abin da ya kai ta sa ƙullun waina ya tashi da wuri. Tana can lulluɓe da roba a bayan ƙofa, gashin wuyan duk ya yi tsami.