Ku bar zagin siminti, ku tambayi ƙasar da aka ɗora benen a kanta

Na karanta sharhin da ake ta yi a ƙarƙashin bidiyon wani bene da ake yaɗawa a Facebook, wanda ya dare tun daga taga har ƙasa, kuma madalla da injiniyoyin Facebook, domin cikin yini ɗaya sun gama bincike sun yanke hukunci. Wasu sun ce siminti ne ya lalace, wasu sun ce magini ya saci rodi, wani bawan Allah kuma ya rantse cewa maƙiya ne suka yi wa mai gidan asiri. Babu wanda ya tambaya ko an gwada ƙasar wurin kafin a haƙa harsashi, alhali tsagar da ta tafi a karkace daga kusurwar taga alama ce sananniya ta cewa wani ɓangaren ginin ya nitse fiye da ɗan uwansa.

Kuskuren da ya yi mana katutu a yankunan hamada da bakin hamada shi ne mun ɗauka busasshiyar ƙasa ita ce ƙasa mai ƙarfi. Mai haƙa ya zo a watan Maris, digarsa tana tartsatsi, sai ya ce wa mai gida, "Alhaji, wannan ƙasa ai dutse ce," a zuba kankare a ƙafa uku. To, ba dutse ba ce. Rairayin da iska ta tara, irin wanda ya mamaye arewacin Yobe da gabashin Nijar, sau da yawa ƙwayoyinsa ba su matsu da juna ba, ɗan yumɓu ne ko gishiri ya riƙe su. Muddin yana bushe zai ɗauki nauyi, amma ranar da ruwa ya ratsa shi abin da ya riƙe shi zai narke, ƙasar ta zauna lokaci guda da bene a kanta. A wajen Dikwa da Marte da Gamboru kuwa baƙar ƙasar nan ce ta firgi, wadda take kumbura da damina ta ɗaga gini, ta tsattsage da rani ta sake shi, kowace shekara haka. Inda kanwa da gishiri suka yi yawa, su kuma sannu a hankali suke cin kankare, su sa rodi tsatsa.

Duk wannan ba a gane shi da ido, kuma ba a gane shi da diga. Gwajin ƙasa ne yake nuna shi, aikin kuma ba wani tashin hankali ba ne. A haƙa ramukan gwaji a ga yadda ƙasar take hawa-hawa, idan bene ne a huda da inji, a riƙa sakin guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 ana ƙirga bugu nawa ne zai nutsar da bututu santimita 30. A kai samfurin ɗakin gwaje-gwaje a jiƙa shi da gangan a ƙarƙashin nauyi, a ga ko zai rufta ko zai kumbura, a auna gishirin da ke cikinsa, a kuma san zurfin ruwan ƙasa. Daga nan ne injiniya zai faɗi irin harsashin da ya dace da zurfinsa.

Na san za a ce kakanninmu sun yi gini ba su gwada komai ba. Sun yi, amma ɗakin ƙasa suka yi mai azara, ba su ɗora dekin biyu da tankin ruwa a kai ba, kuma kowace shekara suna yaɓe. Masu kawo misalin Dubai cewa ai a kan rairayi ake gina dogayen benaye a can su ma su huta, domin dogon benen nan nasu Burj Khalifa yana tsaye ne a kan turakun kankare da aka nutsar kusan mita 50, bayan an huda ƙasar an san abin da ke cikinta. Batun tsada kuwa ba zan ɓata lokaci a kansa ba, tunda mutumin da ya iya sayo tayil daga waje da ƙofar da harsashin bindiga ba ya hudawa bai isa ya ce kuɗin gwaji ne ya gagare shi ba.

Tsakani da Allah ina tausaya wa mai wannan gida, domin wataƙila gumin shekarunsa ne ya tafi, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa ana irin wannan gwaji. Hukumomin da ke sa hannu a taswirar gini su ne ya kamata su riƙa neman rahoton gwajin ƙasa da gaske kafin su amince da kowane bene, ba a kwafo rahoton wata unguwa a canza suna ba.

Sannan don Allah masu haƙa sokawe su daina manna shi da jikin harsashi. A ƙasar da ruwa yake rusarwa, ramin da ke tsiyayar ruwan wanka dare da rana ya fi damina ɓarna, haka ma famfon da ke ɗiga a bayan ɗaki wanda yara suka saba tsallakewa.