Ma'aikacin gwamnati a Sudan: ba lalaci ne ya kwantar da shi ba

Yayata malamar firamare ce a wani ƙauye da ke gaɓar kogin Nilul Azraƙ, kudu da Sinnar. Bayan yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe makarantu, albashi ya tsaya, azuzuwan makarantarsu suka cika da 'yan gudun hijira daga Khartum, daga baya kuma daga Wad Madani. Na je gaishe ta wata safiya na tarar da ita a gindin darbejiya, ta jingina wani tsohon ƙyauren katako a jikin bishiyar tana rubutu da gawayi, yara kusan talatin na zaune a kan buhunan dawa. Wata takwas ke nan ba ta ga mahiyya ba, kamar yadda muke kiran albashi a nan. Na ce mata, "Yaya, wa zai biya ki wannan wahalar?" Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ƙanina, yaron da ya manta baƙi da wasali a bana, shi wa zai biya shi?"

Tun daga ranar na daina yarda da maganar da ake yawan yi a majalisunmu, cewa ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan malalaci ne tun asali. Na san abin da ya sa ake faɗa. Ni ma na taɓa yin zarya sau biyar zuwa wani ofis saboda hatimi guda: yau mai hatimin ya tafi faɗur, karin kumallon nan na hantsi da kan cinye sa'a guda ko fiye, gobe ba wuta, jibi mudir, wato shugaban ofis, bai shigo ba. Amma mutumin da ya ce maka "dawo gobe" da matar da ke koyarwa da gawayi ba tare da ko sisi ba duk 'yan gida ɗaya ne, gwamnati ɗaya suke wa aiki. Abin tambaya shi ne me ya kashe zuciyar wancan, me kuma ya bar ta wannan da rai.

Dattawanmu sun san lokacin da aikin gwamnatin Sudan abin koyi ne. Lokacin da aka buɗe makarantar shari'a a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, daga Sudan aka ɗauko malamanta. Kwalejin horar da malamai ta Bakhtar Ruda, kusa da Duwaim, ta karɓi ɗalibai daga Arewacin Najeriya, cikinsu har da Shaikh Abubakar Gumi. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara da na gonakin Jazira, waɗanda suka kafu a kan madatsar Sinnar ta 1925, suna alfahari da aikinsu har su gadar wa 'ya'yansu labarin. Ba wai albashin wancan zamani ya mai da kowa attajiri ba ne. Ma'aikaci dai ya san ranar da za a biya shi, ya san abin da kuɗin za su saya, ya kuma san cewa in ya yi shekara kaza yana aiki tsakani da Allah zai hau mataki kaza.

Wannan na ƙarshen shi ne abin da aka fara rushewa, kuma a ganina shi ne tushen cutar. Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989 aka shiga korar dubban ma'aikata da sunan "salihul am", wato wai don maslahar jama'a, ba tare da laifin da aka tabbatar a kansu ba. Aka cike gurabensu da 'yan jam'iyya ƙarƙashin manufar da aka kira tamkin. Injiniyan da ya shekara ashirin yana kula da hanyoyin ruwa ya wayi gari yaron da ya horar jiya shi ne mudir ɗinsa. Waɗanda ba a kora ba sun ɗauki darasi: ƙwarewa ba ta kare kowa, abin da ke kare mutum shi ne wanda ya sani a sama. Duk wanda ya fahimci haka zai rage gumin da yake zubarwa a kan tebur, ya ƙara sawu zuwa gidajen manya. Shekara talatin aka yi ana koya wa ma'aikata wannan karatu.

Bayan faɗuwar Bashir a 2019 aka kafa kwamitin warware tamkin. Manufar daidai ce, domin ɓarnar ta gaske ce. Amma korar da aka riƙa yi da jerin sunaye a taron manema labarai, alhali hanyar ɗaukaka ƙara ba ta tsaya da ƙafarta ba, ta sa ƙaramin ma'aikaci ya sake jin cewa makomarsa tana hannun siyasa. Sai sojoji suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya a Oktoban 2021, aka dakatar da kwamitin, kotu ta mai da da yawa daga cikin waɗanda aka kora. Mai aikin rajista a wani ofis a Gadarif yana kallon duk wannan. Sau uku ana juya masa ofis a gabansa, ba a taɓa tambayarsa ko fayil nawa ya kammala ba.

Mu Hausawan Sudan akwai ƙarin ƙulli a namu. Kakanninmu sun zauna a Mai Wurno, wani gari a gaɓar Nilul Azraƙ, tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da Turawan Ingila suka yi da Sarkin Musulmi Attahiru, wasu sun yada zango a kan hanyar hajji suka zama 'yan gari, guminsu yana cikin audugar Jazira da dawar Gadarif. Duk da haka samarinmu da yawa sun san zafin a tsaya ana tuhumar asalinsu wajen neman lambar ɗan ƙasa, kuma babu aikin gwamnati sai da ita. Wanda ya shiga aiki ta irin wannan ƙofar, ga shi ba shi da wasɗa, wato wani babba da zai tsaya masa, ya fi kowa buƙatar ƙa'idar ƙarin girma rubutacciya da ba ta duban ƙabila. In babu ita, shi ne zai fara fitar da rai.

Kada a ɗauka ina raina batun kuɗi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai mun riga mun gwada ƙarin albashi shi kaɗai mun ga iyakarsa. A 2020 ministan kuɗi Ibrahim al-Badawi ya ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 425 zuwa fam 3,000. Ma'aikata sun yi murna, har wasu suka ci bashi a kan ƙarin. Amma baitulmali ba ta da abin da za ta tallafi alkawarin, domin tun ballewar Sudan ta Kudu a 2011 ƙasar ta rasa kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗinta. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa wajen 375 a kan dala ɗaya, kuma a tsakiyar shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Kafin shekara biyu ƙarin ya narke a kasuwa. A ƙarshen 2022 malamai suka shiga yajin aiki suna neman a ɗaga mafi ƙarancin albashi daga fam 12,000 zuwa 69,000, kuma ana cikin wannan ja-in-ja yaƙi ya riske mu. Abin da ya dami ma'aikaci shi ne ko albashin zai kai shi ashirin ga wata. Yawan sifirin da ke jikin takarda ba ya shiga tukunya.

Akwai kuma rashin adalcin da ke cikin rabon kansa. Ma'aikatun da ke tara kuɗi, irin su haraji da kwastan, suna da alawus da hafiz, wato ladan ƙarfafa gwiwa, da kan zarce ainihin albashi. Malamin firamare kuwa albashinsa yana wuyan jiha da ƙaramar hukuma, don haka wanda ke jihar da ba ta da kuɗin shiga shi ne zai fi daɗewa yana jira. Mutum biyu, takardar shaida iri ɗaya, shekarun aiki ɗaya, ɗaya ya gina gida ɗaya yana tuƙa raksha, babur mai ƙafa uku na haya, da yamma. Ba abin mamaki ba ne likitocinmu da malamanmu suka cika asibitoci da makarantun Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa.

Wani zai ce ƙasa tana cikin yaƙi, gwamnati ma sai da ta yi hijira zuwa Bur Sudan a 2023, ina za ta samo kuɗin gyara duk wannan? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na cikin masu neman a buga sababbin takardun kuɗi a raba. Amma yaƙin nan ya nuna mana wani abu da ya kamata masu mulki su tsaya su kalla. Su wane ne suka riƙe ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni da takaya, wuraren dafa abincin sadaka? Akwai matasa 'yan sa-kai da yawa, amma a cikinsu za ka tarar da ma'aikaciyar jinya, da malami, da ma'aikacin hukumar ruwa. A can suna fita da asuba, suna rubuta kowane fam da aka turo ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, suna kwana a kan aiki. Ba a biyansu. Bambancin shi ne suna ganin amfanin aikin da idonsu a ranar, ana jin shawararsu, babu wanda zai zo daga sama ya ɗauke yabon, kuma wanda ya fi iyawa shi ake miƙa wa ragama. Ofisoshin gwamnati sun hana su waɗannan abubuwa huɗu, kuma ko ɗaya daga ciki ba ya buƙatar dala.

Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da Khartum a watan Maris daga hannun RSF aka shiga kiran ma'aikata su koma bakin aiki. Kiran ba laifi ba ne, amma barazanar kora ga mutumin da aka wawashe gidansa, kuma ake riƙe masa albashin watanni, ba za ta dawo da zuciyarsa ofis ba ko da ta dawo da gangar jikinsa. A fara da rubuta wa kowa bashin da yake bin gwamnati, a ba shi takarda a hannu, ko da biyan zai zo kaɗan-kaɗan. A tsayar da rana ɗaya ta biyan albashi ga malamin Damazin da ma'aikacin Bur Sudan. A manna jerin ƙarin girma a bango tare da dalilin kowane suna, yadda wanda aka tsallake zai san inda zai kai kuka. A bar shugaban makaranta da na asibitin karkara su yanke hukunci a kan ƙananan abubuwa ba sai sun yi tafiyar yini zuwa babban birnin jiha ba.

Ina tsoron kada a ɗauki haƙurin mutane irin yayata a matsayin hujjar cewa za a iya tafiyar da makaranta ba albashi. Ta sayar da 'yan kunnenta da awaki biyu kafin a sake buɗe makarantu, kuma mijinta ya fara yi mata maganar ta bari ta kama sayar da shayi a tasha. Shekara tara ke nan tana kan mataki ɗaya, fayil ɗinta yana wani ofis da ba ta san kowa a cikinsa ba. Da na tambaye ta abin da za ta fara nema in an ba ta zaɓi, sai ta ce alli, da allo na ƙwarai, da kuma a buɗe fayil ɗin nan a karanta abin da ke ciki.