Littattafan soyayya ba soyayya kaɗai ba ne

Maganar da ke damuna a ƙauyenmu, kusa da Ringim, ita ce wai duk yarinyar da ta riƙe littafin soyayya ta kama hanyar lalacewa, na aljanu da bokaye kuwa ɓata lokaci ne. Iyaye na da hujjarsu: akwai marubutan da ke sakin baki, musamman a waɗanda ake turawa ta WhatsApp, inda babu mai tacewa.

Amma tun da wannan adabi ya bunƙasa a Kano cikin shekarun 1980, mata ne da yawa daga cikin marubutansa, kuma abin da ke cikin gida suke rubutawa: auren dole, zaman kishi, sakin wulaƙanci, cin gadon marayu, cire yarinya daga makaranta. Soyayyar ita ce zaren da ke ɗinke labarin. Na aljanun kuma, ai jikokin tatsuniya ne.

Bayan kaka, ƙanwata ta yi wata guda tana karɓo hayar littattafan ranar kasuwa. Da farko da yatsa take bin layi, tana haɗa baƙi. Kafin watan ya ƙare, ita ke karanta wa Inna da kishiyarta bayan sallar isha'i, da hasken tocila, su biyun suna gardamar ko amaryar labarin ce mai laifi.