Dila Ya Fi Ni Hanci

Da lokacin farauta ya ƙare bara, na tattara tarkunana na ƙarfe guda 12, sai na ga tsatsa ta fara cin bakinsu. Nan take wata dabara ta faɗo mini, irin wadda ke zuwar wa mutum bayan ya ƙoshi. Na samo baƙin man inji na mulke su har suna ƙyalli, na zuba su akwati ɗaya da kwalbar ruwan warin da nake yaudarar dabba da shi, na tura akwatin ɗakin ajiya kusa da jarkar kananzir.

Bayan mako biyu uwargida ta ce, "Malam, wani abu ya mutu a ɗakin nan."

Na ce babu abin da ya mutu, kayan sana'a ne. Ba ta ja da ni ba. Ashe ta faki idona ta watsa wa akwatin kafur, ta bi shi da turare.

Da lokaci ya zagayo na ɗana tarkunan, na rufe su da ƙasa, ina ta yaba wa kaina. Kwana tara ko ɓera bai leƙa ba. Ran na goma na tarar dila ya tone guda, ya kifar da shi, ya kuma tsuguna ya bar mini saƙo a kai. Ban taɓa ganin raini irin wannan ba.

Na kwashi tarkunan sai wurin wani dattijo da ya tsufa a sana'ar. Tun kafin in sauke buhun ya toshe hanci.

"Ɗana, mota za ka kama ko amarya?"

"Dila, Baba."

"Ni da hancina ya gaji na jiyo ka tun daga nesa, balle shi."

Gaskiyarsa. Ƙwayoyin jin wari a hancin kare sun haura miliyan 100, na mutum kuwa wajen miliyan 6 ne, dila kuma dangin kare ne. Baba ya ce a tafasa tarko har maiƙon ya taso a kwashe, a sake dafa shi da ɓawon itace ya yi baƙi, ya bushe, sannan a tsoma shi cikin narkakken kaki don tsatsa. Daga nan ba a taɓa shi sai da safar hannu, a rataye shi inda iska ke ratsawa, nesa da mai da hayaƙi. Ruwan warin kuwa ko kusa da tarko kada ya kwana, don in ƙarfen ya ɗauki warinsa, ƙarfen dabbar za ta tona.

Na yi duk wannan, wuni guda cur. Abu ɗaya na manta, ko kuma Baba ya faɗa ina can ina tunanin ramuwa: a kankare kakin da ya hau kunamar tarkon, in ba haka ba santsi take yi. Na cire safar don in gwada guda, na danne shi, kafin in janye hannu sai ƙarau! Ya cafke babban yatsana.

Ihun da na yi ya fito da uwargida a guje. Ta dubi tarkon, ta dubi yatsan, ta ce, "Barka, Malam, bana dai an yi kamu."

Tarkon da ya sha gumina da jinina yana can gefe, yana jiran a sake tafasa shi.