Sabon aiki, sabuwar ƙasa, da ɗabi'un da sai an sake ginawa

Jama'a, shekara ta zo ƙarshe, kuma saƙonnin da suka fi shigo mini a cikinta kusan iri ɗaya ne. Yaya aka yi ka bar aikin akanta ka koma jinya? Wace biza ka nema? Wane mataki na Jamusanci ake so? Ina amsawa gwargwadon iko, domin tambayoyi ne masu ma'ana. Amma akwai tambayar da har yanzu ba wanda ya yi mini, kuma a ganina ta fi su duka nauyi: idan ka isa Jamus, me zai riƙe maka tsarin yininka?

Maganar takardu ba zan daɗe a kanta ba. Jamus na neman ma'aikata, ba ta kuma ɓoye hakan. Dokar shigowar ƙwararrun ma'aikata ta fara aiki a watan Maris na 2020, aka fara faɗaɗa ta a Nuwamba 2023, sannan a Yuni 2024 aka fito da Chancenkarte, katin da ke ba mutum damar shiga ya nemi aiki har tsawon shekara ɗaya. A watan Yunin 2024 ɗin ne kuma aka rage shekarun neman zama ɗan ƙasa daga 8 zuwa 5. Koyon jinya shekara 3 ne, ana biyan ɗalibi alawus duk wata, kuma tun 2020 aka haɗe jinyar tsofaffi da ta yara da ta sauran marasa lafiya a manhaja ɗaya. Yawancin makarantun suna neman Jamusanci matakin B2, wato na huɗu cikin matakai shida na iya harshen. Duk wannan a rubuce yake, wanda ya nema zai samu. Hanya ce mai wahala, amma akwai alamu a kanta.

Canjin aikin shi ne ya fara girgiza ni, ba ma canjin ƙasar ba. A tsohon ofishinmu ni ake tambaya. Idan lissafi ya ƙi daidaita, teburina ake kawo shi. Yau ni ke tambaya, kuma wadda nake tambaya sau da yawa ba ta kai ƙanwata a shekaru ba. Ita ke nuna mini yadda ake juya mara lafiya don kada gyambon kwanciya ya kama shi, yadda ake auna hawan jini, da yadda ake rubuta rahoton miƙa aiki. Wanke jikin dattijon da ba ya iya wanke kansa bai taɓa yi mini nauyi ba, hasali ma shi ne lokacin da na fi jin cewa aikina yana da amfani, domin sakamakon a fuskar mutum nake ganinsa nan take. Abin da ya yi nauyi shi ne rasa sunan da na yi shekaru ina ginawa. Mutum ya saba a san shi da iyawa, sai ya wayi gari ba wanda ya san ya taɓa iya komai.

Wasu 'yan uwa sun ce mini na yi asarar digiri. Ban yarda ba. Idon da ya saba kama kuskuren sifili ɗaya a cikin dogon lissafi, shi ne yau yake duba adadin magani da yawan ruwan da mara lafiya ya sha da wanda ya fitar. Ba abin da ya tafi a banza. Sai dai ina gaya wa duk mai shirin canza sana'a bayan ya girma a wata sana'ar, ya shirya zuciyarsa ta koma ta ɗalibi da gaske, ba da baki ba. Wanda ya shiga yana jin cewa ya fi ƙarfin a gyara shi, shi da masu koya masa duk za su sha wahala. Kuma kada kuɗi kaɗai ya kai mutum jinya, domin alawus ɗin ɗalibi ba ya sa a manta da tsayuwar awa takwas.

To, ga inda na fi son a tsaya. Da can ina ganin ɗabi'una nawa ne, a jikina suke, duk inda na je za su bi ni: kwanciya da wuri, tafiyar ƙafa da yamma, karatu kafin barci, kiran iyaye. Ashe yawancinsu muhalli ne ke riƙe da su. Lokacin tashi daga ofis bai canzawa, akwai abokin aikin da muke takawa tare, akwai mutanen gida da za su lura idan fitila ta daɗe a kunne. Ranar da jirgi ya tashi, duk waɗannan suka tsaya a baya.

Wannan ba ni kaɗai ba ne. Wendy Wood, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Southern California da ke Amurka, ta gano cewa kusan kashi 43 cikin 100 na abubuwan da mutum ke yi a yini maimaici ne, a wuri ɗaya, sau da yawa hankalinsa na wani wajen. A 2005 ita da abokan aikinta sun bi ɗaliban da suka koma wata jami'a, suka ga motsa jiki da karanta jarida da kallon talabijin duk sun warware wa waɗanda muhallin ɗabi'ar ya canza musu, amma sun ɗore ga waɗanda suka tarar da yanayi irin wanda suka baro. Bas Verplanken na Jami'ar Bath a Ingila shi ma ya nuna cewa mutanen da suka yi sabuwar ƙaura sun fi sauƙin karɓar sabuwar ɗabi'a. Ke nan ƙaura takan buɗe ƙofa ta fuska biyu: kyawawan ɗabi'u suna rasa madogara, munana ma haka. Watannin farko dama ce, amma ba ta jiran kowa. Idan ba ka cika gurbin da kanka ba, waya za ta cika maka shi.

Yanzu a haɗa wannan da aikin asibiti. Wannan makon aikin safe ne, ana farawa wajen ƙarfe shida. Mako mai zuwa na yamma, sai wajen goma na dare ake tashi. Gaba kuma na dare. A watan Disamba, a arewacin Jamus rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, wajen huɗu kuma ta faɗi, don haka mai aikin safe yakan fita cikin duhu, ya dawo hasken na shirin ƙarewa. Ranar Lahadi kantuna a rufe, unguwa tsit. Ba wanda zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba tare da alƙawari ba, ba don mugunta ba, haka tsarin zamansu yake. A irin wannan rayuwa, duk ɗabi'ar da aka ɗaure da agogo sai ta tsinke, domin ƙarfe bakwai na yamman yau kana gida, na jibi kana ɗakin marasa lafiya.

Abin da ya yi mini aiki shi ne ɗaure ɗabi'a da wani abu da dole ya faru, ba da lokaci ba. Duk sanda na cire kayan aiki, ko da wane lokaci ne, sai na taka da ƙafa kafin in hau jirgin ƙasa. Da na zauna a jirgin, katunan kalmomin Jamusanci ke fitowa, wayar tana cikin jaka. Ranar hutu ta farko a kowane mako ta iyaye ce, kafin komai. Ƙanana ne, na sani, amma su suka hana shekarar nan ta tarwatse mini, kuma su suka kai ni matsayin da dattijuwa mai ciwon mantuwa za ta yi magana ƙasa-ƙasa in gane abin da take so.

Shi ya sa nake adawa da dogon jerin ƙudurorin sabuwar shekara, da kuma zancen nan da ake yaɗawa cewa kwana 21 sun isa a kafa ɗabi'a. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a University College London a 2009 ya nuna cewa matsakaicin lokacin kwana 66 ne, wasu 18 ya ishe su, wasu kuma lissafi ya nuna sai sun kai 254. Abin da ya fi kwantar mini da hankali a binciken shi ne tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Ga mai aikin dare wannan babbar magana ce. Mutum ya ɗauki ɗabi'a ɗaya ko biyu, ya ba su watanni, ya daina hukunta kansa a kan ranar da gajiya ta yi rinjaye.

Ɗan uwa ko 'yar uwa da ke shirin tafiya, don Allah a fara tun yanzu. Awa ɗaya ta koyon harshe kullum, kai kaɗai, ba malami a kanka, ba aboki a gefe. Ba don jarrabawar Jamusanci ta cibiyar Goethe kawai ba. Ɗabi'ar da ka gina kai kaɗai ita ce mafi kusa da bin ka cikin jirgi, domin ba ta dogara da kowa ba tun farko. Ka kuma zauna ka rubuta abubuwan da kake yi masu kyau, ka tambayi kanka wa ko me ke riƙe da kowanne, sannan ka tanadi abin da zai maye gurbinsa can.

A shekara mai zuwa akwai jarrabawar tsakiyar horo a gabana, wadda ake yi bayan kashi biyu cikin uku na karatun, aikin dare ma zai ƙaru. Abu ɗaya zan ƙara a kan waɗanda nake yi: idan na dawo daga aikin dare, labule a rufe, waya a wani ɗaki, sai barci. Ina roƙon addu'arku, Allah ya sa mu ga shekarar lafiya.