Kafin Ka Ce "Allah Zai Kare", Tuna da Kogon Saur

Samari 'yan'uwana, da ku nake yau, musamman ku da abincinku yake kan hanya: direbobi, yaran mota, 'yan acaɓa, masu bin kasuwannin ƙauye, da ku masu sintirin unguwa da dare.

Kwanakin baya magariba ta riske mu a wata tasha, ga hanyar da za mu bi kowa ya san halinta. Dattawan cikin mota suka ce a kwana, a tashi da sassafe. Yaron motar ya ɗaga riga ya nuna mana guru a ƙugunsa, ya ce shi ƙarfe ba ya cinsa. Wani saurayi daga kujerar baya ya ce kwana in ya ƙare ko a kan gadon uwarka kake sai ka tafi, Allah zai kare, a ja mota. Wani kuma can gefe, wanda daga baya na ji an taɓa biyan kuɗin fansar ƙaninsa, bai ɗago kai ba ya ce, "Addu'ar nan tun yaushe muke yinta?" Na sauke jakata na kwana a tasha. Sauro ya ci rabonsa, amma abin da ya hana ni barci maganganun nan ne. Dukkansu Musulmi ne, dukkansu na tabbata suna sallah, amma kowanne ya riƙi maganar kariyar Allah ta inda ba nan hannunta yake ba.

Ku zo mu koma Makka, shekara 13 bayan aiko Manzon Allah (SAW), wato 622 Miladiyya. Ƙuraishawa sun taru a Darun Nadwa, sun tsaya a kan shawarar Abu Jahal: a ɗauko saurayi majiyi ƙarfi daga kowane dangi, su sare Annabi sara ɗaya, yadda jininsa zai watsu a kan kowa, Banu Hashim su rasa wanda za su kama. Babu wanda ya kai Annabi sanin cewa Allah zai kare shi. Wanda aka yi Isra'i da Mi'iraji da shi bai gaza a ɗauke shi zuwa Madina cikin ƙiftawar ido ba. To amma ku dubi abin da ya yi.

Sayyidina Abubakar ya riga ya ware raƙuma biyu, wata huɗu yana ba su abinci. Annabi ya zo gidansa da tsakar rana, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki, fuskarsa a rufe, ya ce a fitar da wanda ke wurin kafin ya yi magana. Da dare Sayyidina Aliyu ya kwanta a shimfiɗarsa, masu leƙe suka yi ta ganin mutum a lulluɓe. Madina tana arewa da Makka, kowa ya san nan za a bi su. Sai suka yi kudu, suka hau dutsen Saur, suka shige kogo suka yi kwana uku har ƙurar nema ta lafa. Abdullahi ɗan Abubakar yana yini cikin Ƙuraishawa yana sauraron abin da ake ƙullawa, da dare ya kai labari, kafin asuba ya koma gari kamar a nan ya kwana. Amir bin Fuhaira, bawan da Abubakar ya 'yanta, yana koro tumaki ta wajen, su sha nono, kofaton tumakin kuma ya shafe sawun Abdullahi. Nana Asma'u 'yar Abubakar ta haɗa guzuri, da ta rasa abin ɗaure bakin jaka ta tsaga ɗamararta biyu. Ɗan jagoran da suka yi haya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ, a lokacin ma ba Musulmi ba ne, amma ya san hanya kamar tafin hannunsa kuma yana da amana, shi ya bi da su ta gefen teku inda ayari bai saba bi ba.

Ku ƙirga da kanku. Abin hawa, sirri, ɓad da sawu, mai kawo labari, abinci, gwanin hanya. Wannan shi ne shugaban masu tawakkali. Saboda haka saurayin da ya ce a ja mota cikin dare a hanyar da aka tare jiya aka tare shekaranjiya, yana kiran abin da yake yi dogaro ga Allah, sai ya gaya mana daga wa ya koyo. Mutumin da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya yi tawakkali, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. A yaƙin Uhudu sulke biyu Annabi ya sa, ɗaya kan ɗaya. Kakanninmu ma sun faɗa da bakinsu: taya Allah kiwo ya fi Allah na nan. Ganganci sunansa ganganci ko an yi masa bisimilla.

Amma kada wani ya ɗauka dabara ce ta tsirar da su, don nan ne labarin ya fi daɗi. Duk da wannan shiri, masu bin sawu sun zo har bakin kogon. An sa raƙuma ɗari a kan kowane ɗayansu, a raye ko a mace, ka san kuwa ba da wasa ake neman ba. Abubakar ya ɗaga kai ya ga ƙafafun mutane. Ya ce, ya Manzon Allah, da ɗayansu zai dubi ƙarƙashin ƙafarsa da ya gan mu. Babu sauran dabara a nan. Ba ƙofar baya, ba makami, ba mai kawo ɗauki. Annabi ya ce masa, "Ya Abubakar, mene ne zatonka da mutum biyu da Allah ne na ukunsu?" Allah da kansa ya adana mana wannan lokaci a Suratut Tauba, aya ta 40: "La tahzan, innallaha ma'ana", kada ka yi baƙin ciki, lallai Allah yana tare da mu.

Mun taso muna jin labarin gizo-gizo da ya yi saƙa a bakin kogon da kurciya da ta yi ƙwai. Malaman hadisi sun yi magana a kan ingancin waɗannan ruwayoyi, wasu sun raunana su. Ni a wurina abin da ya tabbata ya fi ban tsoro ma: mutane masu ido lafiyayye, masu kwaɗayin raƙuma ɗari, sun tsaya a kan abin da suke nema, abin da ya rage kawai su sunkuyar da kai, kuma ba su sunkuyar ba. Wuyan maƙiyinka ma ba a hannunsa yake ba.

Kai kuma mai guru, zo nan. Ban shiga saɓanin malamai a kan layar da aka rubuta da ayoyin Alƙur'ani zalla ba, wannan magana ce ta masu ilimi. Da kai nake, kai da ka je wurin boka ya ba ka abin da ba ka san me ke ciki ba, ya ce kada ka yi wanka kwana kaza, kada ka ci kaza, ka yanka baƙin bunsuru a mararraba. Ka fito ƙirji a buɗe kana cewa harsashi ruwa yake zama. Kowane gari a ƙasar nan yana da labarin wanda aka gwada wa maganin bindiga aka kai shi makwanci. Ko da a ce abin yana yi, me ka bayar ka karɓa? Ka cire zuciyarka daga Mahaliccin ƙarfe ka rataya ta a jikin ƙullin fata. Annabi ya ce wanda ya rataya wani abu za a bar shi da abin. Ka yi tunanin a bar ka da guru ranar da ƙafafu suka tsaya a bakin kogonka. Abin haushin ma, azzaluman da ke cikin daji su ma irin bokayen nan suke bi. Kai da ake zalunta kana da ƙofar da ba shamaki tsakaninta da Allah, ita ce addu'ar wanda aka zalunta, sai ka bar ta ka bi layin da azzalumi yake bi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ukun nan, mai cewa tun yaushe muke addu'a. Ba zan yi masa faɗa ba, don wanda bai sayar da gona ya kai wa ɓarayi kuɗi da buhun shinkafa ba, bai san zafin ba. Daga sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, zuwa na Jangebe a Fabrairun 2021, zuwa harin jirgin ƙasan Abuja da Kaduna a Maris ɗin 2022, da ƙauyukan da ko a rediyo ba a ambaci sunansu ba, an zubar da hawayen da ya isa ya sa zuciya ta yi rauni. Sai dai ɗan'uwa, Allah bai taɓa yi wa muminai alkawarin ƙaya ba za ta soke su ba. A Uhudu sahabbai 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza, an fasa wa Annabi fuska an karya masa haƙori. Kuma da aka zo bayanin dalili, Alƙur'ani bai ɓoye ba, ya ce daga gare ku ne: maharba 50 aka ajiye a kan tudu aka ce kada su sauka, mafi yawansu suka sauka. Mu ma in za mu faɗi gaskiya, wa ke kai wa daji fetur da burodi? Wa ke nuna gidan mai kuɗin unguwa? Ba daga sama suke faɗowa ba, a cikinmu suke, wani ma sahu ɗaya muke tsayawa da shi.

Shekara ta 5 bayan hijira, runduna ta kusan mutum 10,000 ta kewaye Madina, Musulmi ba su wuce 3,000 ba. Ga sanyi, ga yunwa har ana ɗaura dutse a ciki. Suratul Ahzab ta ce idanu sun karkata, zukata sun kai maƙogwaro. Sahabbai ne fa ake faɗa wa haka, don haka tsoronka ba kafirci ba ne. Munafukai ne suka ce alkawarin Allah da Manzonsa ruɗi ne. Muminai kuwa suka karɓi shawarar Salmanul Farisi suka haƙa gwalalo, Annabi yana ɗaukar ƙasa tare da su. Kusan wata guda ana wannan hali. Sannan taimako ya zo ta inda babu wanda ya lissafa: Nu'aimu bin Mas'ud ya musulunta a ɓoye ya raba kan maƙiya, iska mai sanyi ta taso da dare ta kifar da tukwane ta tumɓuke tantuna, gari ya waye babu kowa. Da sun ajiye diga a mako na biyu sun ce addu'a ba ta ci, da iskar ta tarar da wa?

To ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma kamar yadda kake riƙe makullin mashin. "Bismillahil lazi la yadurru ma'asmihi shai'un" har ƙarshenta, sau uku, ba ta cin minti ɗaya. Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. "Hasbunallahu wa ni'imal wakil", wadda Annabi Ibrahim ya faɗa da aka jefa shi wuta, sahabbai kuma suka faɗa bayan Uhudu, raunukansu ba su bushe ba, da aka ce musu an sake tara musu runduna. Bayan haka ka tambayi labarin hanya kafin ka kama ta, ka daina sanar wa duniya a Facebook inda kake da inda za ka, ka san baƙon da ya sauka a unguwarku. In kana sintiri, kada tsoro ko fushi ya sa ka taɓa wanda ba ka da hujja a kansa don kawai yarensa ko kamanninsa. Mai neman Allah ya tsare shi ba ya ɗaukar jinin wani a wuyansa.

Mu koma labarin kogon Saur. Bayan Annabi da Abubakar sun bar kogo, wani gwanin mahayi mai suna Suraƙa bin Malik ya ji ƙishin-ƙishin an ga wasu mutane ta gefen teku. Ya ce wa mutanensa ba su ba ne, don kada a raba raƙuman da shi, ya zame ta bayan gida da mashinsa. Ya matso har yana jin karatun Annabi. Abubakar yana ta waiwaye, Annabi bai waiwaya ba. Ƙafafun dokin Suraƙa na gaba suka nutse a ƙasa har gwiwa. Shi da ya fito kamu, shi ya koma yana roƙon a rubuta masa takardar aminci, Amir bin Fuhaira ya rubuta masa a kan guntun fata. Ya yi musu tayin guzuri ba su karɓa ba, abin da aka nema a wurinsa kawai ya rufa asirin tafiyar. Ya juya, duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya ce masa ya koma, ya riga ya duba nan, babu kowa.